Shin jinin igiyar cibiya yana warkar da yaron da raunin ƙwaƙwalwa ya shanye masa gaɓoɓi?

Tambaya: Ɗana ya kai shekara uku bai iya zama ba, likita ya ce ƙwaƙwalwarsa ce ta samu rauni lokacin haihuwa. Na ji ana maganin wannan a ƙasashen waje da ƙwayoyin halitta na asali da ake cirowa daga igiyar cibiya. Shin ya halatta, kuma in sayar da gonata in kai shi?

Amsa: Dukkan yabo ya tabbata ga Allah.

Na farko: Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na 17 a Makka a 2003, ta halatta magani da ƙwayoyin da aka samo daga mabiyiya da igiyar cibiya, da sharaɗin izinin iyaye. Sai dai ka sani, ɗan'uwa, halaccin abu daban, tabbacin amfaninsa daban.

Na biyu: tun 1988 ake dashen jinin cibiya, amma inda amfaninsa ya tabbata shi ne cututtukan jini, irin su sankarar jini. A kan larurar ɗanka kuwa, har yanzu gwaji ake yi. A 2017 Jami'ar Duke ta Amurka ta fitar da sakamakon gwajin yara 63 da aka ƙara wa jinin cibiyarsu. A jimlace ba su fi waɗanda ba a ƙara wa ba, sai dai waɗanda suka samu ƙwayoyi masu yawa motsinsu ya ɗan ƙaru bayan shekara guda. Wannan sauƙi ne, ba waraka ba. Hukumar magunguna ta Amurka ma ba ta amince da shi a matsayin maganin wannan larura ba.

Na uku: don haka duk asibitin da ya yi maka alƙawarin yaro zai tashi ya yi tafiya, ka yi hattara da shi. Ka tambaye shi: gwaji ne mai rajista? Daga ina ƙwayoyin suka fito? Wa zai ɗauki nauyi idan suka jawo wa yaron wata cutar?

Shawararmu kada ka sayar da gonarka. Ka lizimci gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi a hannun ƙwararru, da maganin farfaɗiya idan yana yi, da abinci mai gina jiki. Kuma a haihuwa ta gaba a gaggauta zuwa asibiti idan naƙuda ta yi tsawo ko jariri ya yi shawara, domin suna cikin manyan sabubban wannan larura a ƙasashenmu.

Muna roƙon Allah Ya ba ɗanka lafiya.

Allah ne Mafi sani.