Kwana Ke Juyawa, Ba Shimfiɗar Yaro Ba

Duk wanda ya san zaman 'yan Arewa a Kurmi ya san ƙuncin muhalli. A Agege da Idi-Araba da Obalende cikin Ikko, ko Sabon Badun, ko Sabon Shagamu, ko Fatakwal, magidancin da ya sami ciki da falo a gidan haya shi ne mai wadata. A Arewa mai gida yana da turakarsa, kowace mace da ɗakinta, samari kuma suna zaure. A Kurmi ba kowa ke samun haka ba. To, idan aka ƙara aure, amarya ta zo da agola, ta iske 'ya'yan uwargida ko marayun wadda ta rasu, da magariba ta yi sai tambaya ta taso: wa zai kwana ina?

Wannan tambaya takan ƙara nauyi idan cikin yaran akwai mai lalurar nan da likitoci ke kira otizim, wadda waɗansu ke kira galahanga. Irin wannan yaro yakan yi jinkirin magana ko ya rasa ta, ba ya son haɗa ido, yakan maimaita abu guda ba gajiya, kuma ba abin da ke tayar masa da hankali kamar a sauya masa abin da ya saba. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana lalurar a 1943 bayan ya lura da yara 11. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa a 2023 ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da ita. Ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma sangarta ba ce. Halitta ce ta ƙwaƙwalwa.

Binciken likitoci ya nuna fiye da rabin waɗannan yara suna fama da matsalar barci. Akwai wani sinadari, melatonin, wanda jiki ke fitarwa idan duhu ya yi don ya kawo barci, amma a jikin da yawa daga cikinsu ba ya fita kan ƙa'ida. Daɗin daɗawa, ƙarar janareta, da hasken fitila, da hayaƙin maganin sauro, da gogar jikin wani a kan tabarma, waɗanda sauran yara ba su damu da su ba, shi azaba ce gare shi.

A nan ne al'adar raba kwana ke cin karo da lafiyar yaro. Ran da mai gida ke ɗakin uwar, akan kwashi yara a kai su falo ko ɗakin abokiyar zama, bayan kwana biyu a komo da su. Yaro mai lafiya ba ruwansa. Amma mai wannan lalura, kowane sauyi kamar an kai shi baƙon gari ne. Sai ya kwana yana kuka, maƙwabta su yi ƙorafi, mai gidan haya ya fara zancen tashi. Daga nan sai gori: agola ya hana gida barci, ko kuwa matar uba ta tsani maraya. Aure yakan mutu a kan abin da asalinsa tabarma ce kawai.

Magana guda ce. Kwana haƙƙin mata ne, shi ke juyawa. Shimfiɗar yaro ba ta juyawa. A zaɓa masa kusurwa guda, nesa da ƙofa da taga mai hayaniya, da katifarsa da mayafinsa da gidan sauronsa, wanda zai zame masa kamar ɗan ɗaki nasa na kansa. Manya su ne za su riƙa tashi. Inda ɗakuna biyu ne, in matan sun yarda, sai ɗaya ya zama turaka mai girki ta je can, ɗayan kuma na yara da wadda ba ta da girki. Wannan yana nufin tilas matar uba ta koyi tsarin yaron kamar yadda uwarsa ta san shi: lokacin tuwo, lokacin wanka, lokacin kashe fitila, kullum bi da bi ba canji. A kuma ɗauke masa waya da talabijin kamar awa guda kafin kwanciya. In tashi ya zama dole, a nuna masa sabon wurin da rana, a tafi masa da shimfiɗarsa.

Sa'an nan a yi wa sauran yara adalci. Ba daidai ba ne a ɗora wa 'yar shekara 9 gadin ɗan'uwanta dukan dare, gari ya waye ta tafi makaranta tana gyangyaɗi. Haka ƙiyayyar 'yan uba ke tsira. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya yi umurni a raba wa yara shimfiɗa idan sun kai shekara 10, kuma a tuna agola da 'yar mai gida ba muharraman juna ba ne, in ba shayarwa ta haɗa su ba. Ko da labule ne a gitta. Amma rabawa ba ita ce a tura yaron shago ko zaure cikin baƙi da 'yan ci-rani ba. Yaron da ba ya magana ba zai iya faɗin wanda ya cuce shi ba.

Waɗansu cikinsu sukan sulale da dare, kuma ruwa yakan ja hankalinsu. A sa sakata can sama inda hannunsa ba ya kai, a rufe rijiya da duro. Amma ɗaure yaro da igiya, ko kulle shi shi kaɗai, ko ɗura masa maganin mura don ya yi barci, zalunci ne. Idan rashin barcin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko aka ga alamar farfaɗiya, wadda ta fi yawa cikin irin waɗannan yara, to a nufi asibiti. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Yaba, mai sashen yara a Oshodi, akwai na Aro a Abekuta da na Inugu, ga kuma Asibitin Koyarwa na Badun.

Wani zai ce ina mai gida zai bar ɗan wani ya tsara masa kwana a gidansa? Amsa ita ce, wanda ya auri uwa yana sane da ɗanta ya ɗauki amana, haka ma wadda ta shigo gidan marayu. Saboda haka tun ran gini tun ran zane. Waliyyai su faɗi gaskiyar halin yaro kafin a ɗaura aure, a kuma yanke inda zai kwana kafin tarewa. Sarakunan Hausawa da limaman unguwanni, waɗanda ke sasanta rigimar aure kullum, ya kamata su riƙa yin wannan tambaya kamar yadda suke tambayar sadaki. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da aka sa wa hannu a 2019 tana nan, amma doka ba ta shiga ɗaki da dare. Wannan aikin mai gida ne. Allah ya ba da ikon riƙon amana.