Kiwon Lafiya: Jakar Maƙogwaro

Akwai wata cuta da ke kama tsofaffi, galibi waɗanda suka wuce shekara 60. Tsoho ya ci tuwo da dare, can cikin barci sai tuwon ya komo masa baki kamar tuƙar saniya. Bakinsa na wari. In ya sha ruwa, a ji ƙugi cikin wuyansa. Yana yawan ƙwarewa da tari, yana ramewa.

Ga mafarinta. A bakin hanyar abinci akwai wani nama mai buɗewa in an haɗiya. In ya ƙi buɗewa sosai, abinci ya riƙa tura bayan maƙogwaro, har wurin ya zama jaka. Abinci ya taru ciki ya ruɓe. Hatsarin shi ne ya faɗa huhu, ya kawo ciwon haƙarƙari. Wani likitan Jamus mai suna Zenker ya yi bayaninta a 1877.

Ba maƙoƙo ba ce, ba beli ba ce. Askar wanzami ba ta kai wurin. A asibiti ake ba mutum wani farin ruwa ya sha, a ɗauki hoton wuyansa, jakar ta fito fili.

Da can sai an tsaga wuya. Yanzu ana iya bi ta baki. Jakar da hanyar abinci kamar ɗaki biyu ne masu bango ɗaya. In an fasa bangon, abinci ya wuce.

Hanya ta farko: a sa mutum barci, a zura miƙaƙƙen tiyon ƙarfe, wata na'ura ta yanke bangon ta ɗinke shi nan take. An soma wannan a 1993. Amma sai wuya na lanƙwasuwa baya, jakar kuma ba ƙarama ba.

Hanya ta biyu: tiyo mai laushi, mai fitila da ƴar wuƙa a kansa. An soma ta a 1995. Ta fi dacewa da tsoho mai rauni.

Galibi kwana 1 ko 2 a sallami mutum, ya fara da kunu. Wani lokaci cutar kan dawo, a sake aikin.

Wannan cuta ta fi yawa a Turai. A nan, wuyar haɗiya tana iya zama wata cuta, har da ciwon daji. Don haka tsohon da tuwo ya fara tsaya wa a wuya, kada a jira sai fura ta gagare shi. A kai shi likita tun da sauran ƙarfinsa.