Daren da Uwargida Ba Ta Ɗora Tukunya Ba

Wata sabuwar al'ada ta fara kunno kai a tsakanin matasan ma'auratanmu na New Bell. Idan ranar da aka ɗaura musu aure ta zagayo, sai miji ya ɗauki matarsa su tafi gidan abincin da suka saba da shi, su ci, su taɓa hira, su komo gida. Dattawa na kallon abin a kaikaice. Wasu sun ce kwaikwayon Turawa ne, wasu kuma sun ce rashin kunya ne matar aure ta zauna tana tauna a bainar jama'a. A ganina wannan al'ada ta cancanci mu karɓe ta, sai dai mu ɗinka mata riga irin tamu.

Mu fara duba inda muke zuba dukiya a sha'anin aure. Duk wanda ya san Kasuwar Kongo ya san irin cinikin da biki ke kawo mata: turamen atamfa na lefe, shadda da leshi, ankon ƙawaye, ga teloli suna kwana a kan keke. Daga sadaki zuwa kamu, daga kai amarya zuwa gara, duk hidimar a 'yan kwanaki take ƙarewa. Bayan nan sai shiru. Auren da ya shekara 20, wanda ya ga gobarar 2012 da ta 2019 sun lashe shaguna a wannan kasuwa, uwargida ta sayar da 'yan kunnenta aka sake tayar da jari, babu mai yi masa ko guɗa ɗaya. Muna karrama farawa, wadda kowa ke iyawa, muna mantawa da ɗorewa, wadda sai mai haƙuri.

Masu cewa cin abinci a waje baƙon abu ne a wurinmu, su tuna yadda maigida ke wuni. Da safe yana teburin mai shayi, da rana ana kai masa kwano shago, da almuru yana gaban tukubar mai tsire tare da abokansa. Naman da duk Duwala ke kira soya sana'ar mahautanmu ce, kuma mutane daga unguwanni masu nisa suna tako ƙafa saboda shi. Amma wadda ke tsaye a gaban murhu kwana 365 a shekara, rabonta shi ne ƙunshin takarda da ya riga ya huce. Ashe cin abinci a waje tsohon abu ne gare mu. Abin da ke sabo shi ne a ajiye wa mace kujera, wani ya zuba mata, wani ya wanke kwanon.

Aro ma ba yau muka fara shi ba. Tun da Jamusawa suka shata New Bell gab da yaƙin 1914, unguwar ta zama masaukin baƙi, kakanninmu fatake suka yi zango har zangon ya zama gida. A nan muka koyi cin ndole da miyondo da gasasshen kifi, ba tare da mun daina tuƙa tuwo ba. Al'ummar da ta yi fiye da shekara 100 a bakin kogin Wuri harshenta bai ɓace ba, faranti biyu a dare ɗaya ba za su narkar da ita ba.

Batun kunya kuwa, gaskiya ne ita ce adonmu. To amma a dubi yadda muke zaune: ɗaki biyu a gidan haya, ga yara, ga suruka, ga baƙon da ya sauka daga Garwa ko Ngaundere. Yaushe miji da mata za su sami sararin magana, in ba ta kuɗin cefane da kuɗin makaranta ba? Tebur a lungun gidan abinci ba ya cire wa mace mayafi, ba ya sa ta kira mijinta da sunan yanka. Tana nan tana cewa Alhaji, yana nan yana cewa Hajiya. Abin da ya ƙaru shi ne sa'a guda da zai ce mata an gode, ita ma ta ce masa sannu da ƙoƙari. Yaba kyauta tukuici.

Sai dai akwai sharaɗi. Idan abin ya koma cin bashi don a je babban otal a Akwa ko Bonapriso, a ɗauki hotuna a baza a Facebook don a tsole wa maƙwabta ido, to masu suka sun yi gaskiya. Daidai ruwa, daidai tsaki. Gidan abincin unguwa ya fi: ka san wanda ya yanka naman, mai wurin ta san yajin da matarka ke so, kuɗin kuma ya tsaya a hannun namu. Mai mata biyu ko uku ya sani kowacce da ranarta. Wanda ya fita da amarya ya manta da uwargida ya sayi fitina da kuɗinsa.

Akwai kuma wata riba da ba a cika lura da ita ba. Kafin ka yi murnar rana, sai ka san ranar. Da yawa daga cikin iyayenmu, in ka tambaye su yaushe aka ɗaura, sai su ce bayan Babbar Sallah, shekarar da aka haifi wane. Dokar Kamaru ta 29 ga Yunin 1981 ta tanadi a rubuta aure a ofishin magajin gari, a kuma bayyana ko na mace ɗaya ne ko na fiye da haka. Ranar da maigida ya kwanta dama, kotu da asusun fansho takarda suke tambaya, ba goron da aka raba a ƙofar masallaci ba. Mu da muke tsiraru a wannan birni, mun fi kowa buƙatar abin da za mu nuna.

Saboda haka, maigida, ka tambayi Hajiya ranar. Ita ba ta manta ba. Ka gaya mata kada ta ɗora tukunya a daren. In kuma babu takardar aure a akwatinku, to washegari ku kama hanyar ofishin magajin gari tare.