Cututtukan Fata a Ƙananan Asibitocinmu: A Duba Kafin a Ba da Magani

A shekarar 2017 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙazwa cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Mu a Mawashi da sauran garuruwan Kusada da Kankiya mun daɗe da saninta, musamman a makarantun allo da na kwana inda yara ke haɗa shimfiɗa. Kuskurenmu shi ne yi wa yaro ɗaya magani. Muddin ba a shafa wa duk abokan kwanansa benzyl benzoate a rana guda, aka kuma wanke tufafi da mayafai ba, ƙaiƙayin zai dawo. Makeron kai kuwa ba ya jin man shafawa, sai an sha griseofulvin na makonni.

Abin da ya fi damun mu shi ne tabo mai haske a jiki. Galibi kyasbi ne, amma idan ma'aikacin lafiya ya goga auduga a wurin mutum bai ji ba, lallai a yi zargin kuturta, a tura shi babban asibiti tun yatsu ba su nakasa ba. Maganinta kyauta ne tun 1995, na wata 6 ko 12. A ganinmu, kowane ɗalibi na Makarantar Fasahar Kiwon Lafiya ta Kankiya ya kamata ya ƙware a wannan gwaji kafin a tura shi ƙauye.