Littafi mai kwaɗo, mabuɗi a hannun wani

Babu ɗan kasuwar da zai biya kuɗin buhun gero lakadan, sannan ya yarda mai sayarwa ya riƙe mabuɗin ɗakin ajiya. Amma a cinikin littattafai da mujallun da ake karantawa cikin salula ko kwamfuta, haka ake yi wa jama'a, galibi ba da saninsu ba.

Ana garƙama wa littafin wani kwaɗo da ake kira DRM, wai don maganin masu satar fasaha. Ba ya buɗuwa sai a na'urar da kamfani ya yarda da ita. In kamfanin ya rufe, ko ya sake shawara, mai saye ya tashi a tutar babu. An dai gani. A watan Yuli na 2009, kamfanin Amazon ya goge littafin George Orwell mai suna 1984 daga na'urorin Kindle na mutanen da suka riga suka biya. Abin mamaki, littafin kansa labarin hukuma ne mai shafe abin da aka rubuta! A 2019 kuma Microsoft ya rufe shagonsa na littattafai, duka suka daina buɗuwa. An mayar wa mutane kuɗinsu, to amma wanda ya sayi littafi ai karatu yake so.

Ba dukan masu ɗab'i suke haka ba. Kamfanin Tor na Amurka ya cire kwaɗon tun 2012. A Faransa wasu sukan buga sunan mai saye cikin littafin kawai, su bar shi a buɗe. Wanda ya watsa shi a duniya, sunansa ya watsa. Wannan shi ne adalci, domin marubuci ma gumi ya yi.

Saboda haka ma'aikaci ko attajirin da zai saya, ya duba bayanin littafi kafin ya biya. In ya ga "sans DRM" ko "tatouage", nasa ne. Mujalla kuwa, ya bincika ko ana sauke ta a PDF ko EPUB, domin wasu ba sa karantuwa sai cikin manhajar kamfani, ran da kuɗin rijista ya ƙare a rufe ƙofa. Tsofaffin littattafai suna nan kyauta a Gallica, taskar babban ɗakin karatun Faransa, da Project Gutenberg wanda aka kafa tun 1971. Da zarar ya sauke, ya ajiye kwafi a wuri biyu, tun da salula takan faɗa ruwa, intanet ma ba kullum take zuwa ba.