Malaman Jami'a Da Iyayen Yara: Zancen Amosanin Jini

Wani malamin makaranta ya rubuto mana wasiƙa yana tambaya, wai in likitocin jami'a suka ce za su sa ɗansa cikin bincike, ya yarda ko ya ƙi? Ya ce yaron yana da amosanin jini, watau sikila, uwarsa kuma ta ce sam, ita ba ta manta da shekarar sanƙarau ba.

To, malam, uwar yaro ba ta yi wauta ba. A 1996, da sanƙarau ya auka wa Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani, Trovan, da yara 200, rabinsu aka ba su shi, rabi aka ba su wani magani dabam. Yara 11 suka rasu. Kamfani ya ce ciwo ne ya kashe su, iyaye kuwa suka ce ba a gaya musu gwaji a ke yi ba. Aka yi ta shari'a har 2009, sa'an nan aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Amma kuɗi ba su mai da amana ba. Da aka tsai da allurar shan inna a Kano a 2003, wannan labari yana cikin abin da mutane suka riƙa tunawa. Wanda maciji ya sara, ai in ya ga tsumma sai ya gudu.

Duk da haka, jama'a, akwai wani labari na biyu, shi ma a Kano, wanda ba a cika ba da shi ba.

Ɗaya daga cikin miyagun abubuwan da amosanin jini ke jawo wa yaro shi ne shanyewar ɓarin jiki. Tun 1998 likitocin Amurka suka gane yadda za a tare shi. Akwai wata na'ura da a ke ɗora wa yaro a gefen kai, ba yanka ba allura, ta auna gudun jini cikin jijiyoyin ƙwaƙwalwa. In gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron yana cikin haɗari, don irinsu kamar 10 cikin 100 jikinsu kan shanye kowace shekara. Maganinsa a can shi ne ƙarin jini wata wata. To, ina talakan Kano zai sami jini mai tsabta kowane wata, shekara da shekaru? Ilmi ya samu, amma ya tsaya a ƙofar masu hali, alhali kuwa ba ƙasar da ta kai Nijeriya yawan haifar yara masu wannan ciwo.

Sabo da haka malaman Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suka haɗa kai da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, da kuma wani asibiti a Kaduna, suka ce bari a gwada ƙwayar da a ke kira hydroxyurea, wadda yaro zai sha a gida kullum. Aka ɗauki yara 220 masu shekara 5 zuwa 12, dukansu na'ura ta nuna suna cikin haɗari. Ba wanda aka bari ba magani: wasu aka ba su kaɗan, wasu aka ba su ninkinsa. Da aka buga sakamako a 2022, sai aka ga yara 8 kaɗai jikinsu ya shanye, 3 cikin masu shan kaɗan, 5 cikin masu shan ninki. Watau ƙaramin awo ma ya tare haɗarin, ga shi kuwa shi ne aljihun talaka zai fi iya ɗauka.

Ni abin da ya fi ƙayatar da ni, tambayar daga bukatarmu ta fito, kuma 'ya'yanmu ne suka koyi aikin na'urar, ba a naɗe ta an koma da ita ba da aka gama. Amma kada mu cika yabo. Na'ura tana birni, yaran kuwa da yawa suna ƙauye, kuma sakamakon da Turanci aka rubuta shi. Uwar da ta yi ta kai ɗanta asibiti wata wata, ai ta cancanci a tara su a gaya musu da Hausa abin da aka gano. Limamai da masu unguwanni su ma a kira su tun ranar shawara, kada a jira sai an zo neman yara. Ga shi ma tun 2024 dokar Kano ta wajabta gwajin jini kafin aure, liman kuwa shi ke ɗaura auren, sabo da haka ya kamata ya san cewa in miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zama SS.

Kai kuwa malam, ga shawarata. Ka tafi tare da uwar yaron. Ku ce a karanta muku takardar yarda da Hausa, a ba ku taku ku tafi da ita gida. Ku tambayi wane kwamiti ya ba da izni, da wanda zai biya in wani abu ya sami yaro, da ko za a ci gaba da ba shi magani bayan an gama. Ku tambaya kuma, in kun ce kun fasa, za a ci gaba da duba shi kamar kowa? In an amsa muku waɗannan a fili ba tare da gaggawa ba, ku koma gida ku yi shawara. Ko kun shiga ko ba ku shiga ba, ku roƙa a ɗora wa yaron na'urar nan a auna shi.