Tikitin wasa: mai da kuɗinka, kada ka ci riba

Duk lokacin da aka sanar cewa wani babban mawaƙi zai yi wasa a Yamai, ko a zauren Oumarou Ganda ko a filin Seyni Kountché, sai ɗalibanmu su fara tara dala-dala. Wani sai ya haƙura da karin kumallo na kwanaki kafin ya haɗa jaka 2. Sannan ranar wasa ta zo da abin da ba a shirya ba: rasuwa a ƙauye, ko zazzaɓi, ko uba ya ce babu inda za a je tunda jarrabawar BEPC ta ƙarato.

A ganina, yaron nan ya sayar da tikitinsa. Barin shi ya lalace a aljihu almubazzaranci ne, ga kuma wani can yana nema bai samu ba. Sai dai ya sayar a kan kuɗin da aka rubuta a jiki, ko ƙasa da haka.

Na san abin da wasu iyaye za su ce: “Malam, ai ciniki ne, kuma riba halal ce.” Gaskiya ne, kuma ba ni ne zan koya wa Maraɗi kasuwanci ba. Amma ɗan kasuwar da ya ɗauko kaya daga babbar kasuwa ya kai ƙauye ya biya mota, ya sha rana, yana iya yin asara. Wanda ya ninka kuɗin tikiti a bakin ƙofa me ya ƙara? Ƙagautar ɗan'uwansa kawai ya sayar masa. Duk mun san sunan da muke ba mai sayen hatsi da kaka ya kulle a sito, yana jiran damina ta matse talaka. Yaron da ya ɗanɗana jaka 5 a kan abin jaka 2, gobe tikiti goma zai saya, kuma ba don jin waƙa ba.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Inda tikiti ya zama hoto a cikin waya, ana iya tura shi ta WhatsApp ga mutum uku, kowa ya biya. Na farko ya shiga, biyu a mai da su daga ƙofa. Wannan sata ce, ko da babu wanda ya sa hannu a aljihun wani.

Iyaye, idan kun hana yaro zuwa, ku zauna da shi a kan tikitin. A fara tambayar masu shirya wasan ko suna karɓa su mai da kuɗi. In ba sa yi, ya nemi wanda ya sani, hannu da hannu, mutum guda. Mu malamai kuma mu kai zancen cikin aji, domin darasin lissafin riba da asara bai cika ba sai an faɗa wa yaro inda ba a cin riba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwasa shi.